Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da malamanmu masu binciken ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, da jami'an NIHSA masu lura da koguna, da na NiMet masu hasashen yanayi, da malamanmu na jami'o'i tun daga BUK da ABU har Dutse da Gashuwa da Maiduguri. Ina gaishe ku, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Ni malamin jogarafi ne a wata sakandare a ƙasar Haɗeja, kuma manomi ɗan manomi, ina da 'yar fadamar da na gada wadda nake shinkafa da damina in yi albasa da rani. Abun da ya sa na zauna nake danna wannan doguwar wasiƙa a waya wata tambaya ce da wani ɗalibina ya yi min, wallahi har yau tana cina. Muna darasin koguna sai ya ɗaga hannu yace, Malam, ruwan da ya cinye mana shinkafa a 2022 daga ina ya zo, tunda satin da ya shigo gonarmu ko yayyafi ba a yi a garinmu ba, rana ma ake ƙwallawa? Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, kuma ina ya tafi, tunda bazara na kamawa rijiyar gidanmu sai da aka ƙara wa guga igiya? Rabin farko na amsa masa. Rabi na biyu kam kame-kame na yi ta yi har aka buga ƙararrawa ta cece ni, shi ya sa na kawo muku tambayar tunda ku ne masu abun.

Abun da na zana masa a allo shi ne wanda kuka fi ni sani. Kogin Kano da kogin Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya gangaro ta Ringim ya iso mana. Shi kuma kogin Jama'are tun daga tsaunukan Jos yake tasowa ya ratsa ƙasar Bauchi ta Katagum. Su biyun suna watsuwa cikin fadamun nan na Haɗeja da Nguru, abun da ya rage ya tattaru ya zama kogin Yobe, ya bi Gashuwa da Gaidam da Damasak, ya raba mu da 'yan uwanmu na Difa a Nijar, in da sauran numfashi ya faɗa tafkin Chadi. A wajen Jos ruwan shekara yakan kai milimita 1300, a can wutsiyar kogin kuwa ko 500 ba ya kaiwa. Kenan mu na ƙasa da ruwan da ya sauka a gonar wasu muke rayuwa, kuma shi ne dai yake cinye mu in ya yi yawa. Yaron nan yana jin haka yace ashe Malam ruwa ma baƙo ne, nace masa baƙo ne mana, amma baƙon da ya kamata a ce an san ranar zuwansa da yawan tawagarsa.

Don lissafin ba wani abun tsoro bane a farkonsa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. In aka tafka ruwan dare na milimita 50, kowace hekta ta karɓi lita 500,000, to ku ninka da faɗin ƙasar da ke zuba cikin kogi ɗaya. Wani ya malale ya shiga ƙorama, wani ya nutse ƙasa ya zama ruwan rijiya, wani rana ta ɗauke, wani shuka ta sha. Duk binciken da kuke yi da kwamfuta da taswira da dogon turanci, in an tankaɗe shi an rairaye, tambayar ita ce nawa ya bi ta nan nawa ya bi ta can, kuma me ya kwaso a hanya. Kuma wannan ba a sanin sa da hasashe ko da zaman majalisa, sai an auna, yau a auna gobe a auna, shekara da shekaru ba fashi.

Ba wai ba a taɓa yi bane, kuma wannan ne ma ya fi bani haushi. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Chalawa a 1992, kuma a wannan zamanin an sha fari biyu masu zafi, na 1973 da na 1984 wanda iyayenmu har yanzu da shi suke ƙirga shekarun haihuwa. A 1987 aka kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, masana na gida da na waje suka duƙufa, suna hawa jirgi suna auna faɗin ruwan da ya kwanta kowace shekara, suna bin rijiyoyin ƙauyuka suna zura awo. Su suka nuna cewa fadamar da ruwa ke rufe sama da murabba'in kilomita 2000 a wajajen 1970 ta dawo ƙasa da 1000 a farkon shekarun 1990. Su suka nuna cewa ruwan nan da ke kwanciya a fadama wanda wasu injiniyoyi ke ganin asara ce kawai rana ke sha, shi ne ke tsatsafowa ƙasa yana cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Har lissafi suka yi suka ce in aka haɗa shinkafa da kifi da itace, amfanin da kowace ma'auni ta ruwa ke bayarwa a fadama ya fi wanda take bayarwa a manyan ayyukan ban ruwa na sama. Aiki ne mai kyau wallahi. Amma fa ya haura shekara talatin, yaran da aka haifa lokacin yanzu su ne iyayen ɗalibaina, mutane sun ninka, gonaki sun ninka, injin ban ruwa ya cika ko'ina. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda, amma ba a rabon ruwan bana da awon 1992.

Ga kachala nan shaida, doguwar ciyawar nan da ta cike hanyoyin ruwa. Da can kogin nan yana da lokacin cika da lokacin ƙafewa, da rani ya bushe ƙurmus har yara su buga ƙwallo a cikinsa, duk ciyawar da ta fito ta mutu. Da aka fara sakin ruwa daga dam rani da damina don masu noman rani da masu shan famfo, ƙasa ta daina bushewa, kachala ta samu gidan zama, ta kama laka, laka ta toshe hanyoyi. Ruwa shi kuma ba ya jiran izinin kowa, sai ya juya akalarsa ya bi ta reshen kogin da ake kira Marma ya nufi Nguru yana cin gonaki da gidaje, su kuma na reshen Burum Gana suna kallon hanyarsu ta bushe. Tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya cikin kachalar suna fitowa da asuba su gama da shinkafar mutum, sauro kuma ba a magana. Yanzu mutanen Gashuwa zuwa ƙasa kusan da ruwan Jama'are suka dogara, shi ya sa dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kan Jama'are, in ka ambace shi a Bauchi a yi maka tafi, in ka ambace shi a Yobe a haɗe rai. Ina ganin motocin yashe kogi da aka kawo suna aiki, Allah ya saka, amma in an yashe nan ruwan ina zai koma, wa zai samu wa zai rasa, akwai wanda ya auna kafin da bayan yashewar?

Kar a ce ina zagin dam, ko kusa. Ba don Tiga da Chalawa ba da ban san me Kano za ta sha ba, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk albarkacinsu ne, ni kaina albasata ta rani da wannan ruwan take rayuwa. Abun da nake cewa shi ne duk shekarar da ambaliya ta zo, 2001 ne, 2010 ne, 2020 ne, 2022 ne, magana ɗaya ce ke yawo a kasuwa da masallaci da WhatsApp, an saki dam, an saki dam. Ku kuma ku fito a rediyo ku ce ba saki aka yi ba, dam in ya cika da kansa yake tumbatsa ta mafitar da aka yi masa. Ni a matsayina na wanda ya ɗan karanta abun na fahimci bayaninku, amma manomin da ruwa ya kai masa wuya ba zai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ba a taɓa nuna masa komai ba. Me zai hana daga watan bakwai zuwa watan goma kullum da safe a faɗa a rediyo da Hausa, yau tsayin ruwa a Tiga kaza, a Chalawa kaza, a gadar Wudil kaza, jiya kaza ne, saura kaza ya tumbatsa? Kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a Dawanau. Ruwan da ya wuce Wudil ba ranar yake isowa Haɗeja ba, kwanaki yake yi a hanya, kuma kwanakin nan su ne ratar da mutum zai yanke abun da ya nuna, ya kwashe dabbobi, matasa su cika buhuna su ɗaga jinga. Hasashen shekara da NIHSA da NiMet ke fitarwa yana da amfani, amma a ce ƙaramar hukumarku na cikin masu haɗari bana, wannan ai ko kakata ta sani. Ranar muke so, da tsayin.

Bari in ba ku labarin abun da ya same ni. Na so ɗalibaina su yi ɗan aiki su kwatanta ruwan saman yankinmu na shekara goma, sai na je wani ofis da ba zan kama sunansa ba inda aka ce min ana ajiye awon. Zuwa na farko aka ce oga baya nan. Na biyu aka ce in rubuto takarda. Na uku wani dattijo mai kirki ya ji tausayina ya buɗe min wani kabad, sai ga littattafai gara ta ci rabi, shekarun baya an rubuta su tsaf da hannu mai kyau kwana bi kwana, sai kuma kawai shafi ya koma fari. Na tambaya yace ai mai karanta ma'aunin ne ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba, ma'aunin ma yara sun cire mazurarin. Na fito jikina a sanyaye. Gini in ya rushe a sake shi, amma ruwan da ya sauka ranar kaza ga watan takwas shekara goma sha biyar da suka wuce in ba a rubuta ba shikenan ya tafi har abada, ko nawa Bankin Duniya zai bayar ba zai dawo da wannan shafin ba.

Kuma abun kunya ne don Kano na da rubutaccen awon ruwan sama tun 1905, kakanninmu da biro da takarda suka riƙe. Hukumar yanayi ta duniya tace a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu aƙalla a samu ma'auni ɗaya a kowane murabba'in kilomita 575, Jigawa kuma ta kai wajen 23,000, kenan ma'auni 40 ne mafi ƙaranci a jiha ɗaya tak. Ina roƙonku ku faɗa mana guda nawa ne ke aiki yau waɗanda ake karantawa kullum, ba waɗanda ke cikin rahoto ba. Ko 40 ɗin ma kaɗan ne, don duk manomi ya san ruwan ƙasar nan, sai a yi shi a gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka, ka fito daga gari a jiƙe ka isa ƙauye na gaba ana tashin ƙura. Na san za a ce yanzu akwai satalayit. Akwai, kuma yana taimakawa, amma shi gajimare yake gani daga sama yana ƙiyasi, sai an gwada ƙiyasinsa da abun da ya faɗo cikin gwangwani a ƙasa kafin a san ko gaskiya ya faɗa.

Wani abun kuma yanayin saukar ruwan ne ya canja. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Tsofaffinmu ma sun lura ba tare da kwamfuta ba, suna cewa marka ta daina zama, yanzu ruwan wata guda a dare biyu yake sauka sannan a ɗauke ƙafa shuka ta yi yaushi. Jimillar shekara tana iya zama daidai amma ƙasa ba ta samu ta sha ba, duk ya gudu ya tafi da ƙasar noma ya bar kwazazzabo. To kwalbatoci da gadojin da ake ginawa yanzu da wane awo ake lissafa girmansu, na da ko na yanzu? A birnin Kano kuma kududdufan da suka riƙe ruwan unguwanni shekara ɗaruruwa an cike su an yi filoti da shaguna, tsakar gida duk siminti da intalok, ruwa bai da wajen nutsewa, sai titi sai ɗakin mutane, daga nan ya gangaro mana.

Akwai wani abu da na karanta kan 'yan uwanmu na Nijar da nake son kowane ɗalibin ruwa ya sani. A yankin Yamai an yi shekaru ruwan sama na raguwa, kowa zai rantse rijiyoyi ƙasa za su yi. Da masana suka bi rijiyoyi suna aunawa shekara bayan shekara sai suka tarar ruwan ƙasa hawa yake, wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili, an sare daji an mai da shi gona, ƙasa ta yi ɓawo ruwa ya daina nutsewa a inda ya sauka, sai ya malala ya taru a tafkuna, ta ƙasan tafkunan kuma ya zarce can ƙasa. Abu ne da hankali kawai ba zai ba ka ba, har ma akasin abun da hankali zai ba ka ne, awo ne ya tona shi. Ban ce haka abun yake a wajenmu ba, ƙasarsu daban tamu daban. Amma in su da ƙaramin ƙarfinsu, da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da abokan aikinsu, sun iya riƙe awon rijiyoyi na shekara arba'in da ɗoriya, mu me ya hana mu?

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to yanzu kowa ya tona, har an wuce gona da iri. A Kano duk wanda ya yi gini sai ya kira masu bohol, alhali birnin a kan dutse yake zaune, ruwan da ke ƙasansa ɗan abun da ya maƙale ne cikin rubabben dutse da tsaguwa, shi ya sa maƙwabci in ya zurfafa nasa naka ya fara tari. Mu nan gabas yashi ne da laka irin na kwarin Chadi, ruwan ya fi yawa, amma shi ma ba teku bane. A Borno akwai burtsatsen da da kansu suke feso ruwa ba inji, da yawansu ƙarfinsu ya ragu. Da can mai injin fetur in mai ya ƙare dole ya kashe, tsadar mai ita ce birkinmu, yanzu sola ta zo, kuma alheri ce ni ma ina da burin saye, amma famfon sola tun hantsi har la'asar yake zuƙa ba mai ce masa ya isa. Rijiyoyin gwaji nawa gare mu a duk faɗin kwarin nan waɗanda ba a ɗiban ruwansu sai dai a zura awo duk wata? Kuma ga wata dukiya da ake zubarwa a banza, masu haƙar bohol. Kowane ɗayansu zai faɗa maka a unguwa kaza a mita nawa ya samu ruwa shekara goma da suka wuce, a mita nawa yake samu yanzu, wace irin ƙasa ya ratsa. Duk yana cikin kansu. In aka ce ba mai haƙa sai ya cike takarda guda ɗaya ya miƙa, ko ta waya ma, cikin shekara biyar za ku samu taswirar da ba wani ɗan kwangila da zai iya zana muku.

Sai maganar tsaftar ruwan, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Malamanmu na BUK da sauran jami'o'i sun yi rubutu ba adadi a kan Jakara da Getsi da Salanta, a kan ruwan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa, musamman na majemu masu amfani da sinadarin kuromiyom. Duk wanda ya bi ta wajen ya ga kalar ruwan ya ji warinsa ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Da wannan ruwan ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo a bakin Jakara, sauran ya tafi dam ɗin Wasai inda ake kamun kifi, na Salanta kuma ya faɗa Chalawa, Chalawa kuma ita ce dai ke zuwa mana. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyaka, dalma kar ta wuce miligiram 0.01 a lita, sinadarin naitaret kar ya wuce 50. Shi naitaret ɗin ma ba sai masana'anta ba, masai da aka haƙa taku biyar daga rijiya ya isa, takin zamani da muke zubawa a fadama ya isa, ga maganin feshi da muke wanke jarkarsa a bakin kogi, mu ma manoma ba mu fita ba, na faɗa da bakina. To duk waɗannan kundayen digiri na biyu da na uku suna ina? Suna laburare sun sha ƙura, an samu digiri an samu ƙarin girma, mai lambun da aka ɗebi ruwansa ko labari bai ji ba.

Mu ma an yi mana. Wasu matasa daga wata jami'a sun zo garinmu da kwalabe da akwatin ƙanƙara, mai unguwa ya haɗa su da ni na zagaya da su rijiya bakwai da famfon tuƙa-tuƙa biyu, aka ba su fura suka sha suka ɗau hoto suka tafi. Har yau shiru. Matan unguwa in sun gan ni sai su ce Malam ya sakamakon, mu ci gaba da sha ko mu bari? Ni in ce musu me? Kuma kun san halin da ake ciki, ciwon ƙoda ya addabi mutanen Gashuwa da kewaye shekara da shekaru, mu ma nan Haɗeja ba gidan da bai san wani da ke zuwa wankin ƙoda ba ko wanda aka rasa. Jama'a ruwa suke zargi, wasu su ce maganin feshi, wasu su ce shan magani barkatai, wasu su ce zafi da ƙarancin shan ruwa. Gwamnatin Yobe ta sa masana bincike a kai, madalla. Roƙona dai duk abun da aka gano a dawo a tara mutane a ƙofar fada a faɗa musu da Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci, wannan rijiyar lafiya lau, waccan a rufe ta. Ina ganin ya kamata jami'a ta sa doka, ba a sa wa ɗalibi hannu a kundinsa sai ya kawo shaidar ya koma garin da ya ɗebi ruwa ya faɗa musu abun da ya gani. Kuɗin mota ne kawai.

Kar a ce ba kuɗi dan Allah. Tun 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, aka kafa asusun kula da wannan kwari, aka yi maganar yarjejeniyar rabon ruwa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don jihohin arewa, kuma kula da magudanan ruwa na cikin ginshiƙansa. Matsalar ita ce awo ba shi da bikin buɗewa. Ba gwamnan da zai zo da 'yan jarida ya yanke kyalle don an biya mai karanta sandar awo a gindin gada alawus ɗinsa na wata, alhali shi wannan bawan Allah da ke zuwa kan keke kullum ƙarfe bakwai ya rubuta lamba ɗaya, duk wani lissafin hasashe da za a haɗa a kwamfuta a kansa yake tsaye. Kuɗin wakshop ɗaya a otal a Abuja zai riƙe irinsa goma shekara guda. Kuma in an sayo na'urori masu aiko da awo da kansu, a sa kuɗin batir da gyara da mai gadi a kasafin kowace shekara, kar furojet ya ƙare su mutu tare.

Tambaya ɗaya kuma ga Hukumar kai tsaye, ranku ya daɗe. Tiga ta haura shekara 50 tana karɓar laka da yashi daga gonakin da ke samanta. Yaushe rabon da a auna zurfinta a ga nawa ne ruwa nawa ne taɓo, kuma a ina talaka zai ga sakamakon? Wanda ya ga fashewar dam ɗin Bagauda a 1988 ya kuma ga abun da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a watan tara na 2024 dole gabansa ya faɗi in ya tuna yana kwana a ƙasan manyan dam biyu.

Ni dai bayan na dawo daga wancan ofis ban zauna ba. Na yanke gorar ruwa ta roba na kifa bakinta ya zama mazurari, na manna rula a jiki, muka kafa a tsakiyar filin makaranta nesa da bishiya muka zagaye da ƙaya saboda awaki. Yara biyu ke karantawa kullum da safe kafin asambuli, da hutu kuma mai gadi ya karɓa, shi ya ma fi su ɗoki. Rijiyar makaranta ma duk ranar ɗaya ga wata muna zura igiya mai ƙulli mu rubuta. Na san awonmu ba zai kai ma'aunin ku daidai ba, amma yanzu muna da damina biyu cur a littafi ba fashin kwana ɗaya, kuma yaron nan mai tambaya shi ne shugaban masu awon. Sakandare nawa ke tsakanin Karaye da Damasak, kowacce da malamin jogarafi ko na noma da yara masu son a ba su aiki? Ku ba mu ma'auni na gaskiya, ku koya mana karantawa yini ɗaya, ku ba mu lambar da za mu riƙa turo awon, ku kuma ku riƙa dawo mana da abun da ya fito. Littafinmu na nan a durowar ofishin shugaban makaranta na sa shi cikin leda saboda gara, ku faɗa min wa zan kai wa kafin ruwan bana ya sauka.

Wassalam, naku,
wani malamin jogarafi daga ƙasar Haɗeja.